Katako na Goma Sha Biyu

Kafinta yana shiga ɗakin ya iske Mai Agogo ya danne littafin cek a ƙarƙashin matashin kai, 'yarsa tana tsaye a kansa da biro.

Keken marasa lafiya take so ta saya wa uban, tunda ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Shi kuwa ya kafe sai ɗaya ga wata, saura kwana huɗu.

"Zo ka ji, maƙwabci," in ji tsohon. "Wannan yarinya za ta ci mini katako."

Kafinta ya san zancen, amma ya zauna bakin gado ya sake saurara. Asusun tsohon irin wanda ake cire kuɗi da cek ne duk lokacin da aka ga dama, kuma banki yana ɗora masa ɗan kuɗin ruwa a ƙarshen wata. Sharaɗi ɗaya ne: kada abin da ke ciki ya sauka ƙasa da wani adadi, ko na yini guda. In aka sayi keke yau, na wannan watan ya tafi.

Tsohon bai taɓa cin wannan ƙari ba, ya ce ba guminsa ba ne. Duk wata yakan miƙa wa Kafinta, kuɗin katako ɗaya cif, a ƙara a bencin da suke haɗawa a wurin jiran mota. Goma sha ɗaya sun hau. Na jingina ya rage.

'Yar ta bi Kafinta zuwa ƙofa, ta rage murya ta ce likita bai yi musu alkawarin kwana huɗu ba. Kafinta ya ce to bari ya kawo katakon kyauta. Ashe tsohon yana ji.

"Kunnena bai mutu ba tukuna. Bankin nan shekara talatin yana tatsata, shi zai biya."

Har 'yar sai da ta yi dariya.

Da la'asar Kafinta ya ciro tayoyin tsohuwar baro, ya ɗaura wa kujerar shagon Mai Agogo. Kujerar tana tafiya tana kuka, tana karkata hagu, tsohon yana ba da umarni kamar direba.

Ranar ɗaya ga wata saƙon banki ya shigo wayar 'yar da hantsi. Tsohon ya sa ta karanta sau biyu, sannan ya sa hannu a cek. Kafin azahar an sayo katakon, sun tura tsohon bakin titi. Kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, suka ɗaga shi suka zaunar. Ya jingina, ya lumshe ido.

"Ya ɗan karkace," ya ce. "Amma na yafe maka."

Bayan kwana uku ya rasu, da safe, taga a buɗe.

Da Kafinta ya fito buɗe shago a makon, ya hangi wata mai ciki zaune a bencin, ta cire takalmi, ta jingina bayanta da katakon da ya fi sauran haske.