Furen Roba a Kabarin Kaka

Tun da Duane, mijin ƙanwata, ya sayi injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, ba wanda ya huta a garinmu. Mutum ne da in ciyawa ta wuce idon sawu sai ka ce uwarsa aka zaga.

Yankinmu duk masara ce, iya ganinka. Wuri ɗaya tak garma ba ta taɓa shiga ba, tsohuwar maƙabartar kan tudu, inda kakarmu Ingeborg take kwance. Ciyawar can har ƙugu, kuma a cikinta wani farin fure mai geza yake fitowa, wanda ya ƙare a ko'ina sai 'yan tsirarun nan. Ba ya yin iri sai wani malam-buɗe-littafi mai dogon baki ya zo da magariba ya tsotse shi. Ni nake gadinsu. Shekarun baya rashin ruwa ya hana su buɗewa, bana ce kawai fatana.

Da taron dangi ya matso na ce masa, "Duane, kar injin nan naka ya hau tudu. Furen ya buɗe, bai yi iri ba tukuna."

"Haba Yaya Marlys! Dangi su taso daga birnin Omaha su tarar da Kaka a jeji? Me za a ce da mu?"

"A ce kana da hankali. Na san ba ka saba ji ba."

Ya yi dariya, ya gyara hularsa ta kamfanin taki.

Ranar Asabar ina dawowa daga kasuwa na jiyo ƙarar injin a kan tudu. Kafin in isa Duane ya gama. Ya aske tudun tas, ya tsaya yana share gumi, wai jiran yabo yake! Har ya soke farin furen roba na kanti a kan kowane kabari.

Ya ce, "Na san kina son fure, ga shi. Wannan ko ban ruwa ba ya so."

Ban zage shi ba, asarar yawu ce. Na zauna gefen Kaka, baƙin ciki kamar ya kashe ni, har rana ta faɗi. Sai ga malam-buɗe-littafin. Ya zaga, ya sake zagawa, sannan ya tsaya kan furen roba, ya warware dogon bakinsa yana lalube.

Duane ya taɓa kafaɗata.

"Kin gani ko? Shi ma nawa ya fi so."