Tagar da Tanki Ya Tare

"Yau ma ba za mu taɓa shi ba," in ji shugaban 'yan kwangilar, bayan ya leƙa bakin tankin ya shinshina. "Tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi layin nan."

Tela ya sauke numfashi. Ya gaji da wannan magana. Da farko sun ce sai an zuƙe guntun man da ya daskare a ƙasa, aka zuƙe. Suka ce sai an wanke, aka wanke. Yanzu kuma wai sai ya sha iska. Gaskiyarsu ce, ya sani, amma mutumin da ake yi domin shi ba shi da lokacin jiran iska.

Tankin na Mai Kananzir ne, maƙwabcinsa. Tun sana'ar tana ci ya kafa shi a ƙofar gida, jikin tagar ɗakinsa. Sana'a ta mutu, tanki ya yi tsatsa, tsoho ya ce ko ƙusa ba mai cirewa. Shekara da shekaru suna faɗa a kansa, Tela yana cewa wari na kama yadin mutane, shi kuwa yana cewa ɗinkin ne ke korar masu kaya. Sai ga shi ɓarin jikin tsohon ya shanye, ya koma gado a ɗakin da rana ba ta shiga. Ranar nan ya aika 'yarsa ta kira Tela, ya ce da bakinsa da ya karkace a nemo masu cire abin nan, yana son ya ga titi kafin ya tafi.

Tela ya so ya yi dariyar nasara, dariyar ta ƙi zuwa. Tausayi ne ya kama shi.

Yau ma ya shiga ya gaya wa tsohon an sake ɗaga ranar aikin. 'Yar tana ba shi ruwa a cokali, rabi yana bin haɓarsa. Ta dubi Tela da ido ja.

"Ka ɗauko irinka," in ji tsohon a hankali. "Gobe, gobe."

Ranar da motar ɗaga kaya ta zo, Tela bai buɗe shago ba. Aka kwance ƙusoshin gindi, aka ɗaura sarƙa, tankin ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya tashi yana zubar da tsatsa. Tela ya ruga ciki, shi da 'yar suka tura tagar da ta cije, suka jingina tsohon da filo.

Ya daɗe yana ƙifta ido. Mai kayan miya ya wuce da baro, mata biyu suna ciniki, wani kare ya tsallaka kwata. Can idonsa ya tsaya a ƙofar shagon Tela da ke tsallaken titi.

"Ashe kusa kake haka," ya ce.

Daga nan kullum da safe Tela na ɗaga ƙofar shago zai ga kan tsohon a taga. Ya ɗaga almakashi, tsoho ya ɗaga hannunsa mai lafiya, wani lokacin har ya nuna masa ɗinkin ya girgiza kai. Abin bai daɗe ba. Wata safiya Tela ya ɗaga almakashi, sai ya ga 'yar ce tsaye a tagar, hannunta a baki.

Bayan an kai tsohon makwancinsa an watse, Tela ya koma kan kekensa don kayan mutane na jira. Ƙafarsa ta yi nauyi a kan feda. Da can in ya ɗaga kai tsatsa yake gani ya yi tsaki. Yanzu sai baƙar da'ira a ƙasa inda tankin ya zauna, da taga a buɗe, rana ta shiga har kan gado, an naɗe katifar an ɗora filo a kai.