Ranar da Yaya Ta Zo Ganin Cilakowa

Tun daga bakin ƙofar gandun dajin Auta ya san yau sai haƙuri. Ya faɗa mata a waya, ya maimaita, har ya sa ta maimaita masa: takalmi rufaffe, tufafi masu duhu, ban da turare. Sai ga Yaya ta sauko daga motar haya cikin jan mayafi mai walƙiya, ƙafarta da silifa, hannunta da kular abinci, ƙamshin turarenta kuwa ya riga ta isowa.

A wurin aiki ba mai ce masa Auta. Jagora ake ce masa, don shi yake jan baƙi zagayen ƙafa duk Asabar, yana nuna musu itatuwa da tsuntsaye da sawun namun daji. Amma Yaya ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya masa har ya gama makaranta, saboda haka a bakinta shi Auta ne ko da gemunsa zai share ƙasa.

Watanni ke nan ta tasa shi gaba. Ya bar gadin itace, in ji ta, ya dawo gari ya riƙe mata shagon yadi. Ya kira ta gaisuwa, shago. Ya kira ta jaje, shago. Ranar da ta kai shi bango ya ce, "Yaya, ki zo sau ɗaya ki ga aikin nan. In kin gani kika ce ba aiki ba ne, wallahi zan ajiye kakin." Cikin fushi ya faɗa, amma ya faɗa, kuma bai taɓa yi mata alkawari ya saɓa ba. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne yana da abin nunawa. Cilakowa ta yi sheƙa a kogon wani tsohon maɗaci, kuma bai taɓa kai mutum wurin ya dawo bai girgiza kai ba.

Baƙin yau ba su da yawa: wasu malaman makaranta mata, da wani dogon mutum da ya rataya kyamara mai tsawon hannu, wanda ya sanar tun bai zauna ba cewa daga nesa ya zo, kuma saboda cilakowa kaɗai ya zo. Auta ya gyara hularsa, ya fara karanto dokoki.

"Ba wanda zai wuce ni. Ba wanda zai sauka daga hanya. Ba a tsinkar ganye, ba a..."

"Kai Auta, ka karya kuwa? Dubi wuyanka kamar mariƙin lema."

Malaman suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya haɗiye abin da ya taso masa ya ci gaba. Ya bayyana musu cewa a can gaba akwai dutse mai farin fenti, daga nan magana ta ƙare, da hannu za a yi komai. In ya ɗaga dunƙulen hannu, a tsaya. In ya sauke tafi, a durƙusa. In ya nuna da yatsa, a duba can. Ya gwada musu kowace alama a hankali. Kowa ya gyaɗa kai, Yaya ma ta gyaɗa, har ta fi kowa.

Da ƙyar ya raba ta da kular, ya bar ta a ofis. Mayafin ta ce sai dai a fasa tafiyar. Madubin hangen nesa da ya miƙa mata kuwa ture shi ta yi.

"Abin da kowa ya manna wa idonsa? Allah ya kiyaye."

Ba su yi nisa ba ya ji an damƙi bayan rigarsa. Ya waiga, Yaya ce.

"Yaya, sakar min riga. Aiki nake yi."

"To na hana ka ne? Yi aikinka."

Ya zame, ta sake kamawa. Haka suka yi ta yi, yana fizgewa tana cafkewa, shi da kakin gwamnati da rediyon oba-oba a ƙugu, ana jansa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ya tsaya a wani wuri mai laka ya nuna musu sawun gada, yana bayanin yadda ake gane sabo da tsoho, sai Yaya ta taka sawun da silifarta, ta tsaya a kai daram tana tambaya, "Ina yake?" Mai Kyamara ya ja dogon tsaki.

Gaba kaɗan ta ratse daga hanya ta faɗa cikin jerin kwarkwasa. Sai da malaman suka kewaye ta suna kakkaɓe mata zani, ita kuma tana salati da ƙarfin da duk wata gada da ke dajin ta ji ta ƙara gaba. Ƙudan zuma suka biyo turaren, ta dinga kai musu duka da mayafi. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta shaida wa wata maƙwabciya cewa ga ta a jeji wurin Auta, babu komai sai sauro. Da suka zo wucewa ta gaban wani kututture ta ja burki ta ce, "La, ga biri!"

"Kututture ne, Yaya."

"To ai ya yi kama."

Nan ransa ya gama ɓaci, don ya tabbata da gangan take yi. Ta zo ne ta mayar da aikin abin dariya, ta koma ta ce ba ta ga komai ba. Kamar hakan bai isa ba, sai ta jawo wa malaman labarin yadda yake gudun kaza yana yaro, yadda wani zakara ya taɓa kora shi har ƙarƙashin gado.

"Wai yau shi ne mai tsaron namun daji. Ikon Allah!"

"Jagora," in ji Mai Kyamara, "in haka za a yi, gara a faɗa min in koma."

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Mun kusa."

A wurin dutse mai farin fenti ya tsaya ya dubi Yaya ido cikin ido. Ya roƙe ta don girman Allah, don darajar mahaifiyarsu, ta kashe wayar ta kama bakinta. Ya gaya musu abin da za su gani: macen tana cikin kogo, ta liƙe ƙofar da laka ta bar 'yar tsaga, ba za ta fito ba sai 'ya'yan sun yi ƙwari. Namijin ne yake kawo mata abinci yana miƙa mata ta tsagar. Amma in ya ji motsin mutum ba zai sauka ba, ita kuwa sai ta wuni da yunwa. Yaya ta ce, "Allah sarki," ta kashe wayar.

Suka shiga a hankali. Abin mamaki, ta yi shiru. Ganye kawai ake ji a ƙarƙashin ƙafa. Da maɗacin ya bayyana, Auta ya hango namijin a kan wani busasshen reshe, baki riƙe da fara. Sa'a ta zo da wuri. Ya ɗaga dunƙulen hannu, kowa ya tsaya cak. Yaya ba ta tsaya ba. Ta zo ta bangaje shi ta baya, hularsa ta faɗi, ta ce da muryarta ta kasuwa, "Me aka ce? An iso ne?"

Tsuntsun ya buɗe fiffike ya yi gaba.

Mai Kyamara ya sauke kyamararsa ya dafe kai. Auta ya juyo wajenta. Bai ɗaga murya ba, amma abin da ya fito ta tsakanin haƙoransa ya fi ihu zafi.

"Yaya, me na yi miki? Na ɗaga hannu, kowa ya gani, ke kaɗai ce ba ki da ido? In so kike in bar aikin, ki faɗa, ba sai kin tozarta ni a gaban mutane ba. Ki zauna nan, kada in ƙara jin ko tarinki."

Tunda yake bai taɓa yi mata magana haka ba. Ya jira ta wanke shi tas, kamar yadda ta saba. Sai kawai ta lalubi ƙasa da hannu, ta zauna, ta ja mayafinta.

Suka durƙusa suna jira. Rana ta ɗaga, gumi yana bin bayansa, ƙafarsa ta yi sanyi. Yana ta lissafin yadda zai rubuta takardar ajiye aiki, da yadda zai ƙare rayuwarsa yana auna yadi. Har ya fara tunanin tayar da su, sai ga namijin ya dawo. Ya sauka a busasshen reshen, ya karkata kai ya saurara, sannan ya yi tsalle ya maƙale a jikin maɗacin. Daga cikin tsagar wani siririn baki ya leƙo. Ɗaya daga cikin malaman ta toshe bakinta da hannu. Kyamara ta fara 'yar ƙararta.

Auta ya nuna da yatsa, sannan ya waiga ya dubi Yaya, don fuskarta yake jiran gani tun watanni. Tana murmushi, tana gyaɗa kai kamar kowa. Amma ba maɗacin take kallo ba. Wata tsamiya take kallo can hagu, wadda babu komai a kanta.

Ya matsa kusa. Ya ɗaga hannu ta gefen fuskarta ya kaɗa, ba ta ƙifta ba. A hasken da ya ratso ganye ya ga abin da bai lura da shi ba a bakin ƙofa, saboda yana ta fama da mayafi da silifa: wata farar yana ta kwanta a kan baƙin idonta, duka biyun. Sai riƙon riga ya dawo masa, da sawun da ta taka, da kututturen. Ya tuna abin da ya faɗa mata ɗazu, kunya ta rufe shi.

Dokar wurin shi ya kafa ta, kuma bai taɓa karya ta ba. Ya kai bakinsa kunnenta, ya kama haɓarta a hankali ya juyar da ita wajen maɗacin.

"Yana nan saitin hancinki, Yaya. Toka-toka ne, da doguwar wutsiya, bakinsa lanƙwasasshe kamar lauje. Ya kawo ƙadangare ƙarami. Ga ta ta miƙo baki. Ta karɓa. Yanzu yana leƙa tsagar, kamar yana tambaya ko ya isa."

Mai Kyamara ya waigo ya harare shi. Auta bai ko kula shi ba.

"Ya tafi?" ta tambaya, a karon farko da raɗa.

"Ya tafi neman wani."

"Kullum haka yake yi?"

"Kullum, har ta fito."

Ta share gefen idonta da bakin mayafi.

A hanyar dawowa ya bar baƙin suka ɗan ba su rata a baya, sannan ya tambaye ta tun yaushe idon ya fara. Ta ce tun kafin damina. Da farko zare ne ya daina shiga allura. Daga baya ta yanka wa wata mata shuɗi a maimakon kore, matar ta yi mata tijara a gaban shago.

"Shi ya sa kike ta cewa in dawo? To me ya hana ki faɗa min, Yaya? Wata nawa kina zagin itatuwana!"

"Ni zan buɗe baki in ce wa Auta ba na gani? Wa ya wanke maka kashi?"

Haushi ya sake turnuƙe shi, har ya rasa wanda zai ji wa, ita ko kansa. Ya ce to shi ke nan, zai ajiye kakin.

"Ka ajiye ka zo ka yi min me? Kai da ba ka san leshi da labule ba. Zauna wurin tsuntsayenka. Wanda ya iya wannan surutun a kunnen mutum ai ya sami sana'a."

"Jibi ba ni da aiki. Zan zo mu je asibitin ido."

"Wa ya ce maka ciwo nake yi?"

"Yaya!"

"To, na ji. Sai ka zo da wuri, kuma ka aske wannan gemun."

Ya kamo hannunta ya ɗora a bayan rigarsa, daidai inda ta yi ta cafka tun safe, ya ce, "Riƙe da kyau. Akwai saiwa a gabanki."

"Na gani," in ji ta.

Ya dai rage sauri.