Man Zaitun a Ramin Gilashi

Wani dare na ji ƙara ta cikin bango, kamar sauro ya maƙale a kwalba: ya yi kuka, ya huta, ya sake. Da ƙyar na yi barci, ina tunanin ko tsakar garinmu Safakis ce ta koyi fito.

Da safe na leƙa gidan maƙwabciyata Munjiya. 'Yarta Insaf, mai aikin bincike a jami'a, tana tsugune a bakin rijiyar ruwan sama da ke tsakar gidansu, gabanta wani akwati da bai fi gwangwanin alewa ba.

"Baffa Shadli, ka zo a daidai," in ji ta. "Kai ne mai son abin da kowa ya raina."

"Wannan ne ya hana ni barci?"

"Ɗan injin da ke tura ruwa ne. Bai kai ƙwallon dabino ba."

Jikan Munjiya ya yi ta gudawa, uban yaron kuwa, wan Insaf, ya rantse zai toshe rijiyar da siminti. Marigayi mijin Munjiya ne ya haƙa ta, kuma ita ba ta taɓa dafa shayi da ruwan famfo ba. Insaf ce ta roƙi wan nata ya dakata har a gwada ruwan.

Ta zana mini abin da ke cikin akwatin a ƙasa da yatsa. Gilashi ne kamar farce, da hanyoyi a ciki da suka fi gashi sirantaka, suna lanƙwasa kamar lungunan tsohon gari. Ɗigo ɗaya ke shiga, ya haɗu da wani rini, a haska shi da shuɗiyar fitila. In akwai ƙwayoyin cuta sai ya mayar da haske kore. In babu, duhu. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan ya kama ni: a ba abu shuɗi, ya dawo maka da kore.

Muka lulluɓe kawunanmu da bargo, ta buɗe murfin. Gilashin ya yi ja kamar garwashi.

"Ja kuma?" ta ce. "Babu ja a maganar nan."

Munjiya tana jera kofuna, ba ta ɗago ba. "Ya daina kukan dai, ko?"

"Umma, me kika yi masa?"

"Abin tausayi, yana ta kuka. Na ga ɗan rami a samansa irin na keken ɗinki, na ɗiga masa man zaitun. Sabon matsa ne na gonar kawunki, ba na kanti ba."

A garinmu ƙofa in ta yi ƙara, man zaitun. Kunnen yaro, man zaitun. Insaf ta riƙe kai. Ta ce koren da ke cikin sabon mai ne ke mayar da ja, gilashin kuwa ya tashi aiki.

"Ashe man kawunki na gaske ne," in ji Munjiya.

"Ba shi muke tuhuma ba, Umma."

Saura gilashi ɗaya. Insaf ta sa sabon ɗigo, ta kai akwatin ɗakina, ta ce in tsare shi daga uwarta. Na yini kusa da shi, ina bin ɗigon lungu-lungu a raina.

Da la'asar muka koma ƙarƙashin bargo mu uku, Munjiya a tsakiya tana ƙamshin na'a-na'a. Da farko duhu. Sai wani zare kore ya bayyana a lungun ƙarshe, siriri, mai kyau ƙwarai, har na ji kunyar yaba shi.

"Ai kaɗan ne," in ji Munjiya.

"Ga babba kaɗan ne, Umma. Ga yaro ba kaɗan ba ne."

Insaf ta fita da wayarta. Muna jin ta a soro tana gaya wa wanta ya zo da simintin. Munjiya ba ta cire bargon ba, idonta na kan zaren.

"Shadli, mu da muka tsufa muna shan ruwan nan, in aka haska mu da fitilar nan, wane launi za mu yi?"