Hannun Malama Sabina

Shekara talatin da takwas Sabina Conneely ta yi tana koyar da ƙananan yara a makarantar ƙauyenmu na bakin teku, amma wata Talata guda ce za ta yanke ko za a bar mata ajinta. Gwamnatin Ingila ta tattara nata ya nata ta tafi shekara huɗu da suka wuce, tamu ta Dublin kuwa ta ce daga yanzu da harshenmu na Gelik za a yi wa yara karatu. Malamin da ya kasa, ya ba da wuri.

Gelik kam a nono Sabina ta sha shi. Da shi take addu'a, da shi take zagin jakin maƙwabta in ya shiga mata dankali. A aji ne kawai yake maƙale mata a wuya, kuma duk wanda ya ce laifinta ne bai san yadda aka yi ta malama ba.

Tana da shekara goma sha huɗu aka ɗaga ta daga benci aka ce ta zama mataimakiyar malami. Kwalejin gwamnati, limaman coci sun ce wanda ya taka ta kada ya nemi aiki a wurinsu. Kwalejin coci kuma ina gurbin 'yar masunci? Sai tsohon hedimasta ya miƙa mata littafi da sanda, ya tsayar da ita gaban yara sittin da ko zo in kashe ka ba sa ji da Ingilishi, ya ce duk wanda ya yi Gelik ta zuba masa kafin ya rufe baki. In ta yi nawa, ita ake zuba wa a gabansu. Horon ke nan, ba daɗi ba ragi. Da shi ta sa 'ya'yan masunta suka haddace kogunan Ingila, sufetocin wancan zamani suna gyaɗa kai suna cewa madalla.

Sufeton yanzu, Mista Hession, saurayi ne da ya tsinci nasa Gelik ɗin a littafi, irin wanda in ya yi tsofaffinmu sai su rufe baki da mayafi suna dariya. Ran Talatar ya zo ya zauna a bayan aji da takardunsa.

Mako uku Sabina ta yi tana bitar darasin nan a hanya kamar mai sambatu, kuma da farko abin ya tafi sumul. Ta zana kifi a allo, ta yi tambaya da Gelik, yara suka amsa da Gelik. Ta juya za ta ƙara masa wutsiya, sai Una Folan, 'yar shekara shida, murna ta cika ta, ta ɗaga murya daga bencin gaba ba a tambaye ta ba.

"Malama, babana ya kamo irinsa jiya."

Gelik ne, a aji, daga bayanta. Sabina ba ta san lokacin da ta juyo ba. Ƙarar sandar ta ji a kan yatsun yarinyar, tas. Una ta kalle ta baki buɗe, ko kuka ta kasa.

Da yara suka fita, Hession ya matso.

"Malama, me yarinyar nan ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, yallaɓai. Abin da aka ce ta yi ta yi."

"To me ya kawo duka?"

"Hannun ne. Tun ina yarinya aka koya masa."

"Ni dai abin da na gani zan rubuta."

"Rubuta. Amma ka haɗa da waɗanda suka koya masa."

Ya duba takardarsa, ya ce babu gurbin wannan a ciki.

Ka ji fa. An tanƙwara icce tun yana ɗanye, an ci inuwarsa, yau kuma ana tuhumarsa da karkata. Babu wanda ya taɓa ba matar nan ko kwana ɗaya a kwaleji, na da ko na yanzu, amma kowannensu ya iya aiko da mai jaka ya auna ta. Ni abin har yau yana ci mini rai.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo: ta miƙa aji bayan hutun bikin Ista. Ran nan da la'asar sai ga Nan Folan, uwar Una, a bakin ƙofa, ta ƙunso wani abu a mayafi. Tun ranar dukan, kunyar matar ta hana Sabina ko bi ta ƙofar gidansu.

"Nan, ki yi haƙuri. Na cuci 'yarki."

"Haƙurin me, Malama? Ni godiya na zo yi." Ta kwance mayafin, ƙwai shida ne. "Gelik ai ga shi nan a gida har ya yi mana yawa. Boston za ta bi yayyenta, can ƙetaren teku inda sai Ingilishi. Wa zai ba ta ko aikin wanke-wanke da Gelik? Ki ƙara mata, kada ki ji tausayinta."

Sabina ta dafa ƙofa.

"An karɓe ajin, Nan."

Nan ta dubi ƙwan, ta dubi Sabina, damuwa ta cika mata fuska.

"To yanzu wa zai riƙa dukan mana su?"