Algus a Duron Gwaggo Vasemaca

Gwaggona Vasemaca ta faɗo ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa ranar Talata, ko gaisuwa babu, ta dire kwalba a teburina.

"Asenaca, yau ranar amfanin bokonki ce. Wai ni nake algus! Ni!"

Shekara goma sha tara tana matse lemon tsami a garinmu Sigatoka, tana kai wa wani otal na bakin teku, da shi suke jiƙa ɗanyen kifi su yi abincin da ake kira kokoda. Yanzu sabon kukunsu ya ce ruwan wannan makon ba ƙamshi, in ba ta wanke kanta kafin Juma'a ba, kada ta ƙara kawowa. Sunanta ne ya dame ta, don a garinmu magana ba ta kwana.

"Na tsoma kifi a ciki, ya yi fari fat," in ji ta. "Wace shaida kuma ake nema?"

"Gwaggo, kifi ba shi da wayo. Kowane irin tsami aka ba shi fari zai yi."

Ta harare ni. Ni kuwa na dama sitacin rogo a ruwa, na ɗiga aidin, ya koma shuɗi mai duhu, na raba kofi biyu. Na ce mata bitamin ɗin da ke cikin lemo na gaske yana cinye wannan launin, hodar tsami ta kanti kuwa ba ta iyawa. Na matse lemo ɗaya daga jakarta, na ɗiga a kofi ɗaya muna ƙirgawa. Ɗigo goma sha biyu, ruwa ya washe.

"Kin gani!" Har da ɗan taka rawa na yi.

Sai na ɗauko kwalbar da ta cika daga duronta, matsar jiya-jiya, na ɗiga a kofi na biyu. Sha biyu, shiru. Ashirin, shiru. Sai a talatin da ɗaya launin ya tafi. Gaskiya ta ba ni tausayi.

Mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin duron bayan ita. Muka tarar da shi a gindin mangwaro, mijinta Kawu Ilisoni, yana gyaran raga.

"Baban Litia, me ka zuba mini a duro?"

"Ni? Wane duro?"

"Kawu," na ce, "aidin ya riga ya faɗa."

Ya ajiye ragar yana sosa ƙeya. Ashe ranar Litinin tana kasuwa, taubashinsa ya zo da bokiti ya ce kerekere, bikin 'yarsa ya matso. To a wajenmu, ɗan uwa in ya ce kerekere, roƙo ne da ba a cewa a'a. Matar fasto ta hango bokiti, ita ma ta zo. Gida bakwai! Duro ya yi ƙasa, tsoro ya kama Kawu, ya cike shi da ruwan tanki da hodar tsami.

"Na ɗanɗana fa, har ya fi na da tsami," in ji shi, wai shi gwani.

Na zaci za ta jefe shi da kwakwa. Ina! Rigar zuwa coci ta saka, ta bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya da murmushinta.

"Kerekere, lemon bishiyarku. Kerekere, da hannuwanku."

Wa zai ƙi? Ranar Alhamis tsakar gidanta ya cika da masu matsa, matar fasto na hawayen tsami, taubashin na tsokanar Kawu wai injiniyan lemo. Kawu aka ba wuƙa, shi ya yanka buhu tara.

Ranar Juma'a a kicin ɗin otal ta ƙwace abin ɗigawa daga hannuna, ta ce da kanta za ta yi a gaban kuku. Ta shiga ɗiga sabuwar matsa. A sha biyu ruwa ya washe tas. Ta zauna a kan bokiti ta yi kukanta, sannan ta fashe da dariya.

Kukun ya sunsuna kwalbar ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mako mai zuwa duro biyu nake so."

Kawu, da ke raɓe a bakin ƙofa, ya dubi yatsunsa da tsami ya cinye.

"Biyu?"

Gwaggo ta share ido ta juyo gare shi. "Kerekere, Baban Litia."