Murya a Bayan Amawali

Wanda ya ga aikinka na lalacewa, kunyarka ta hana shi buɗe baki, girmama ka ya yi ko cutar ka? An daɗe ana jan wannan magana a Agadas a kan Effad da surukinsa, ni kuwa har yau ban samo amsar ba.

Shekara ashirin da bakwai Effad ya yi yana kaɗa jita a bayan wasu. Ƙungiyarsu ta ci bukukuwan aure daga Arlit har Ingal, daga baya ta fara hawa jirgi. Tun da Turawa suka fara tafa musu sai kiɗan ya yi ta laushi, har ya zama irin wanda ake hira a kansa. In Effad ya murɗa sautinsa sama, shugaban ƙungiyar ya waiwayo ya harare shi. Ranar da ya ce shi ma yana da waƙoƙi, shugaban ya yi dariya ya ce, "Yatsu Allah ya ba ka, Effad, bai ba ka maƙogwaro ba."

Yana da shekara hamsin da takwas ya bar su, ya rantse sai ya yi faifai shi kaɗai, kiɗan rok irin na Turawa mai nauyi, jita na ƙara kamar ana yanka ƙarfe, ganguna shi, murya shi. Situdiyon da ya samu na Siliman ne, mijin 'yarsa Tekna: ɗakin ƙasa guda, an jingina katifu a bango.

Kiɗa ya fito yadda yake so. Muryar ce ta ƙi. Duk waƙar da aka juyo masa, sai ya ji kamar mutum na kira daga cikin buhun gero. Ya tambaya, "Yaya ka ji?" Siliman ya sunkuyar da kai ya ce, "Da kyau, Baba." Kwana goma sha tara ana haka. Effad dai yana da kunne. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya fara jin cewa shugaban nan gaskiya ya faɗa.

Rana ta ashirin, bayan azahar, taubashinsa Akoli, tsohon direban babbar mota, ya shigo da cuku da sukari. Ya zauna ya hura gawayin shayi, aka kunna masa waƙa ɗaya. Ko rabi ba ta kai ba ya fashe da dariya.

"Wa kuka ɗaure a ƙarƙashin gado yake waƙa?"

"Sha shayinka, tsohon banza," in ji Effad.

"Kai ne tsoho, raƙumin da ya ƙi kaya! Zane ninki uku a bakinka, kana so makirfo ya ji ka? Duba yake yi? Sauke amawalin nan."

 Siliman ya ƙura wa na'urarsa ido kamar yau ya fara ganinta.

Effad ya ƙara jan amawalin har gindin ido. Tun ranar da kawunsa ya naɗa masa rawani, bai taɓa barin suruki ya ga bakinsa ba, don a al'adarsu abin kunya ne. Ko shayi ta ƙarƙashin zane yake kai kofi.

"A gaban mijin 'yata? Ka tsufa ba ka yi hankali ba."

"To ya fita mana."

"Wa zai riƙe na'ura, kai da ko rediyo ba ka iya kamawa?"

"A rataya bargo tsakaninku."

"Amarya ka mayar da ni?" Effad ya rataye jitar a ƙusa. Muryarsa ta yi sanyi. "Ba zane ba ne, Akoli. Muryar ce babu. Siliman, goge su duka. A bar kiɗan, a nemo mai rerawa."

Siliman bai motsa ba.

"Da kai nake."

"Ba zan goge ba, Baba."

Akoli ya tsaya da buta a sama. Shekara tara da auren Tekna, ba a taɓa jin Siliman ya ce wa surukinsa a'a ba.

"Tun ranar farko na san amawalin ne," in ji Siliman, idonsa a ƙasa. "Na matso da makirfo, na sake wani, na murɗa duk abin da ake murɗawa. Ta yaya zan yi maka maganar bakinka? Amma na ji ka ta katanga kana rerawa a gida, lokacin da kake zaton babu kowa. Ba wannan ce muryarka ba."

"Kwana goma sha tara," in ji Effad. "Kana kallona ina zagin kaina, kana ce mini da kyau."

"Haka ne, Baba."

Effad ya rasa wanda zai ji haushi. Da Siliman ya faɗa tun farko, da ya kira shi marar kunya, ya kwashe kayansa. Da bai faɗa ba kuma, ga inda suka iso. Ya tuna a ƙasashe goma sha ɗaya ya tsaya a bayan dandali, bakinsa a rufe, sautinsa a ƙasa, kowa na yaba ladabinsa.

Ya sauko da jitar daga ƙusa, ya murɗa sauti har lasifika ta fara kuka, kofunan shayi suka hau rawa a faranti.

"Za ka rushe wa yaro ɗaki!" Akoli ya yi ihu.

"Ya rushe."

Siliman ya fara juya kujerarsa zuwa bango.

"Kul!" in ji Effad. "Ka ji ni ta katanga, yau kuma za ka gan ni. Danna na'urar."

Siliman ya danna. Effad ya sa yatsa biyu ya ja amawalin ƙasa har haɓa. Farin gemu ya bayyana, da giɓin haƙora biyu. Ya matso kusa da makirfo, ya ja numfashi, ya buɗe baki iya buɗuwarsa.